Nazarin lamari: Shari'ar likitocin gaggawa na Nevada da kamfanin inshorar UnitedHealthcare

A ƙarshen watan Nuwamba na 2021, masu taimaka wa alƙali yanke hukunci a wata kotun jiha da ke Las Vegas suka fito daga ɗakin shawara da amsar wata tambaya da aka shafe makonni ana ja-in-ja a kanta: nawa ya kamata kamfanin inshora ya biya likitan da ya duba majinyaci a sashen gaggawa, alhali babu wata yarjejeniyar farashi a tsakaninsu? Masu ƙara ƙungiyoyin likitoci ne guda uku, dukkansu a ƙarƙashin kamfanin TeamHealth. Wanda ake ƙara kuwa UnitedHealthcare ne, kamfanin inshorar lafiya mafi girma a Amurka, tare da wasu rassansa. Likitocin sun ce an ƙware su a takardun neman biya fiye da 11,000, suna neman cikon da ya haura dala miliyan 10. Hukuncin ya ce lallai an ƙware su, amma abin da aka ba su dala miliyan 2.65 ne, wato kamar rubu'in abin da suka nema. Bayan mako guda, ranar 7 ga Disamba, mutanen nan suka sake zama, suka ɗora wa United wata dala miliyan 60 ta horo.

Duk wanda ya ajiye alƙaluman nan biyu kusa da juna zai ga kamar suna musun juna. Na farko yana nuna cewa masu hukuncin ba su yarda da farashin da likitocin suka rubuta ba. Na biyu yana nuna cewa sun ga abin ƙyama a yadda kamfanin inshorar ya yi aikinsa. Kafin a gane yadda mutane guda suka yanke duka biyun a cikin kwana tara, sai an koma baya an ga yadda aka gina wannan kasuwa.

Cinikin da babu taya, babu albarka

A Amurka, kowane kamfanin inshorar lafiya yana da jerin asibitoci da likitocin da ya ƙulla yarjejeniya da su. Likita ya rage farashinsa, kamfani kuma ya turo masa majinyata. Waɗannan su ne 'yan ciki. Wanda bai sa hannu ba ɗan waje ne, farashinsa nasa ne, kamfani bai yi masa alkawarin komai ba. Ga mai ciwon gwiwa ko mai neman a yi masa gwajin ido wannan tsari yana da ma'ana, domin yana da lokacin duba jerin kafin ya fita daga gida. Wanda zuciyarsa ta buga da ƙarfe biyu na dare ba shi da wannan lokacin.

Tun 1986 akwai dokar tarayya da ake kira EMTALA. Ta tilasta wa duk asibitin da ke karɓar kuɗin Medicare, wato inshorar gwamnati ta tsofaffi, kuma yake da sashen gaggawa, ya duba duk wanda ya shigo ya kuma tsayar da haɗarin da ke kansa, ko yana da kuɗi ko ba shi da su. An yi dokar ne saboda a wancan lokacin asibitoci masu zaman kansu suna tura marasa kuɗi, har da mata masu naƙuda, zuwa asibitocin gwamnati. Daga ɗaya ɓangaren, dokar lafiya ta 2010 da aka fi sani da Obamacare ta wajabta wa kamfanonin inshora su ɗauki nauyin jinyar gaggawa ba tare da an nemi izininsu tukuna ba, ko likitan ɗan ciki ne ko ɗan waje. To ga likita an ce dole ya yi aiki, ga kamfani an ce dole ya biya, amma ba a yanka farashin da zai raba su ba. A kasuwa mai saye yana taya, mai kaya ya ce albarka, wanda bai gamsu ba ya yi gaba. A nan babu mai ikon yin gaba. An riga an ɗinke raunin, an riga an sallami majinyaci, sannan a dawo ana tambayar kuɗin aiki.

Akwai wani abu da yake ƙara dagula lamarin, wanda yawancin majinyata ba su sani ba sai takarda ta iso su. Asibitoci da yawa ba su ne suke ɗaukar likitocin sashen gaggawarsu aiki ba. Kwangila suke ba wa wani kamfani ya kawo likitocin, kamfanin kuma shi yake rubuta takardar kuɗinsa daban. Saboda haka mutum zai iya yin duk abin da aka ce ya yi, ya je asibitin da ke cikin jerin inshorarsa, amma likitan da ya duba shi ɗan waje ne. Kafin 2022, kamfanin inshora kan biya abin da ya ga dama, ragowar kuma a aiko wa majinyaci da ita gida, ita ce ake kira takardar ba-zata. A 2016 wasu masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Yale, Zack Cooper da Fiona Scott Morton, suka wallafa binciken da ya nuna cewa a kashi 22 cikin ɗari na zuwan da aka yi sashen gaggawa na asibitocin ciki, likitan da ya duba majinyaci ɗan waje ne. A riƙe wannan bincike a rai, zai sake fitowa a kotu.

Dokar da ta ce a yi jinya ba ta faɗi mai biya ba, mu ma mun san ta. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Najeriya ya hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin karɓar majinyacin gaggawa bisa kowane dalili, kuma duk da haka wanda ya taɓa kai ɗan'uwansa asibiti cikin dare ya san kalmar "a ajiye wani abu tukuna". Bambancin shi ne a Amurka ana yin jinyar, faɗan kuɗin ya biyo baya.

Masu ƙara da wanda ake ƙara

Kada a ɗauka wasu likitocin ƙauye ne suka tunkari ƙaton kamfani. TeamHealth, wanda hedikwatarsa ke Knoxville a jihar Tennessee, yana cikin manyan kamfanonin da ke samar wa asibitoci likitoci a duk faɗin ƙasar. A 2017 kamfanin zuba jari na Blackstone ya saye shi a kan kimanin dala biliyan 6.1. Babban abokin gogayyarsa, Envision, shi ma kamfanin KKR ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 9.9. Masu irin wannan jari ba don lada suke zuba shi ba. Sun ga cewa likitan gaggawa ba ya rasa majinyata don ya fita daga jerin inshora, tunda motar asibiti ba ta tambaya, saboda haka barazanar fita makami ce a teburin ciniki. A 2019, lokacin da majalisar dokokin Amurka ta fara maganar hana aika wa majinyata takardun ba-zata, wata ƙungiya mai suna Doctor Patient Unity ta kashe miliyoyin daloli a tallace-tallacen talabijin tana yaƙar ƙudurin, ba tare da an san masu ba ta kuɗi ba. Daga baya ta bayyana cewa TeamHealth da Envision ne manyan masu ɗaukar nauyinta. A shekarar dai 'yan jarida suka bankaɗo cewa wani reshen TeamHealth ya maka dubban talakawa a kotu a Memphis kan bashin jinya, abin da ya sa kamfanin ya ce ya daina.

Ƙungiyoyi ukun da suka shigar da ƙarar Nevada a 2019 su ne Fremont Emergency Services, da ke aiki a asibitocin yankin Las Vegas, da Team Physicians of Nevada a garin Fallon, da Ruby Crest Emergency Medicine a Elko. Takardun da ake rigima a kansu na aikin da aka yi ne daga 2017 zuwa farkon 2020.

United ma ba baƙo ba ne a irin wannan shari'a. A shekarun baya, kamfanonin inshora sukan ce suna biyan ɗan waje bisa "farashin da aka saba" a yankinsa, kuma rumbun bayanan da suke dubawa don sanin wannan farashi mallakar wani kamfani ne mai suna Ingenix, wanda shi kansa reshen UnitedHealth ne. Wato mai biya shi ne mai ma'auni. A watan Janairun 2009 babban lauyan jihar New York na lokacin, Andrew Cuomo, ya kammala bincikensa da sulhu: a rufe rumbun, United ya ba da dala miliyan 50 don kafa wani mai zaman kansa, wanda ya zama FAIR Health. Kamfanin ya kuma amince ya biya dala miliyan 350 don kashe ƙarar da Ƙungiyar Likitocin Amurka da wasu suka shigar. Shekara goma bayan haka aka koma kotu kan tambayar da ba ta canja ba, sai dai ma'aunin ne ya sake suna.

La'adar dillali

A nan ne zuciyar shari'ar take, kuma a nan ya kamata a tsaya.

Kusan kashi biyu cikin uku na ma'aikatan Amurka da ke samun inshora ta wurin aikinsu, ba kamfanin inshora ne yake biyan kuɗin jinyarsu daga aljihunsa ba. Ma'aikatar ce take ware kuɗinta, ta ɗauki kamfani irin United ya riƙa karɓar takardu yana tantancewa yana biya a madadinta. Katin da ke aljihun ma'aikaci yana ɗauke da sunan United, kuɗin kuwa na ma'aikatar da ta ɗauke shi aiki ne. A irin wannan tsari United wakili ne, ana biyansa ladan aiki.

Sai kamfanin ya ƙara wani shiri da ya kira na raba rarar da aka samu. Idan likita ɗan waje ya rubuta wani adadi, United ya biya ƙasa da haka, tazarar da ke tsakani ita ce ake kira rara, kuma ma'aikata za ta biya United wani kaso daga cikinta, wanda yakan kai kashi 30 zuwa 35 cikin ɗari. A kotu lauyoyin likitocin sun ɗaga wata takarda ta aiki mafi tsanani a sashen gaggawa: an nemi dala 1,428, United ya biya 254. Mu yi lissafin da kanmu. Tazarar dala 1,174 ce. In wannan takarda ta faɗa ƙarƙashin shirin da kasonsa ya kai 35 cikin ɗari, la'adar United za ta kama dala 411. Wanda ya danna madannin kwamfuta ya fi wanda ya tsaya a kan majinyaci samu.

Dillali a kara ma yana cin la'ada, amma la'adarsa tana bin kuɗin da aka sayar da dabba. Wannan la'adar tana bin tazara ce, kuma tazara tana faɗaɗa ta hanya biyu: ko a rage abin da ake biya, ko likita ya ƙara kumbura takardarsa. Duk wadda ta faru, mai la'ada ya samu. Wannan ne abin da ya fi ɗaure mini kai a duk shari'ar. Lambar nan da aka kumbura, wadda United yake nunawa a matsayin shaidar haɗamar TeamHealth, ita ce kuma yake auna ladansa da ita. TeamHealth yana buƙatarta domin daga nan ake fara ciniki. United yana buƙatarta domin daga nan ake fara ƙirga rara. Babu mai biyanta cikakkiya sai tsautsayi, amma kowa a cikinsu yana ci daga gare ta.

Wa yake yanke cewa 254 ce ta dace? Sau da yawa wani kamfani ne na uku mai suna MultiPlan, da wata manhajarsa da ake kira Data iSight, wadda ke fitar da adadin da take cewa shi ne daidai. MultiPlan shi ma kaso yake karɓa daga rarar. Wani tsohon jami'in United mai suna John Haben, wanda ya jagoranci sashen biyan 'yan waje, ya shafe kwanaki a akwatin shaida yana amsa tambayoyin lauyan likitocin, John Zavitsanos, kan yadda aka riƙa sauke mizanin biya shekara bayan shekara. Daga baya, a watan Afrilun 2024, jaridar New York Times ta yi dogon bincike a kan MultiPlan, inda ta ruwaito daga shaidar jami'an United cewa irin waɗannan shirye-shirye suna kawo wa kamfanin kimanin dala biliyan ɗaya a shekara.

Binciken Yale ma ya shigo zauren kotu. Takardun cikin gida da shari'ar ta tono sun nuna cewa bayanan da masanan suka yi aiki da su daga United suka fito, kuma jami'an kamfanin suna bibiyar aikin suna ba da shawara ba tare da sunansu ya fito fili ba. Masanan sun tsaya a kan cewa sakamakon nasu ne, babu wanda ya juya shi. Ni dai ban ga abin da ya rushe alƙaluman ba, domin takardun ba-zata sun faru da gaske, mutane sun karɓe su a akwatin wasiƙunsu. Amma ga mai zaman hukunci, ganin cewa kamfani yana shirya ra'ayin jama'a a ɓoye a daidai lokacin da yake rage biya, ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da United ya ce

Hujjar United ba ta banza ba ce. Ya ce farashin da TeamHealth ke rubutawa ba shi da alaƙa da abin da aikin yake ci, ninkin-ba-ninkin ne na abin da Medicare ke biya, kuma shi kansa TeamHealth yana karɓar abin da bai kai haka ba daga wasu kamfanonin inshora ba tare da ƙorafi ba. Ya ce ƙarin kuɗin ba aljihun likitan da ya kwana a tsaye yake shiga ba, masu jari yake tafiya wa. Ya ce kuma in aka tilasta masa biyan duk abin da aka rubuta, ma'aikatu da ma'aikatansu ne za su ɗauki nauyin ta hanyar ƙarin kuɗin inshora.

Bai tsaya kan kare kai ba. A watan Oktoban 2021, ana dab da fara zaman Las Vegas, ya shigar da tasa ƙarar a kotun tarayya a Tennessee, yana zargin TeamHealth da cin sama da dala miliyan 100 ta hanyar ɗaga lambar aiki. Aikin likitan gaggawa yana da lambobi biyar, daga 99281 zuwa 99285, ta ƙarshen ita ce ta wanda rayuwarsa ke cikin haɗari, ita ce kuma mafi tsada. A cikin misalan da United ya kawo akwai na wani saurayi da ya zo da ciwon ciki bayan ya ci abinci, aka ba shi maganin ƙwannafi aka sallame shi, aka kuma rubuta masa lamba mafi girma da kuɗi sama da dala 1,700. TeamHealth ya musanta, ya ce ƙarar ramuwar gayya ce. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kowa ya taka nasa yana hangen na wani.

Kafin ma a kai ga sauraron shaidu, an yi wani dogon artabu kan ko kotun jiha tana da hurumi. Akwai dokar tarayya ta 1974 mai suna ERISA da ke kula da tsare-tsaren jin daɗin ma'aikata, kuma tana ture dokokin jihohi a duk abin da ya shafe su. Kamfanonin inshora suna ƙaunarta, saboda a ƙarƙashinta babu diyyar horo. United ya ɗauke ƙarar zuwa kotun tarayya da wannan hujja, aka dawo da ita jiha. Dabarar lauyoyin likitocin ita ce ba su ce an hana su haƙƙin da ke cikin takardar inshorar majinyaci ba. Sun ce United da kansa ya yarda aikin na biya ne, tunda ya biya wani abu, rigimarsu a kan adadi ce kawai, wannan kuwa magana ce tsakanin mai aiki da wanda ya amfana da aikin. Wannan bambanci, tsakanin haƙƙin a biya da yawan abin da za a biya, shi ne ƙofar da yawancin irin waɗannan ƙararraki suke bi su tsira.

Hukunci da ɗaukaka ƙara

A gaban mai shari'a Nancy Allf, masu hukuncin sun samu United da laifi a duk manyan tuhumomin: karya yarjejeniyar da ba a rubuta ba amma hali ya nuna ta, cin gumin wani ba bisa haƙƙi ba, da saɓa dokokin jihar kan yadda ake biyan takardun inshora. Amma da aka zo lissafi ba su ɗauki farashin TeamHealth a matsayin darajar aikin ba. Sun tsaya a wani wuri tsakanin abin da aka biya da abin da aka nema, kusa da na farkon. Idan aka raba dala miliyan 2.65 a kan takardu 11,000 da ɗoriya, kowace takarda ta samu ƙarin da bai kai dala 250 ba.

United ya ɗaukaka ƙara, aka yi shekara uku da rabi ana jira. A watan Yunin 2025 Kotun Ƙolin Nevada ta raba gardamar gida biyu. Ta ce ERISA ba ta hana ƙarar ba. Ta tabbatar da cewa United ya ci gumin likitocin, ta bar musu diyyar asararsu. Amma ta ce babu wata yarjejeniya a tsakaninsu, rubutacciya ko wadda ba a rubuta ba, kuma dokar jihar ta hana zalunci wajen biyan inshora ba ta ba likitoci damar shigar da ƙara da kansu ba. Dala miliyan 60 ɗin nan da ta cika kanun labarai, kotun ta soke ta, ta mayar da batun ƙasa a sake lissafi.

A ganina ɓangaren da ya tsira ya fi wanda ya faɗi nauyi, ko da yake kuɗinsa kaɗan ne. Maganar yarjejeniya dama da wuya ta tsaya, domin ba a cewa mutane biyu sun daidaita alhali a kan farashin ne suka rabu. Abin da ya rage shi ne ƙa'ida mai sauƙi: doka ta ɗora wa kamfanin inshora nauyin jinyar gaggawar mutanensa, likita ya sauke masa wannan nauyi, saboda haka dole ya biya abin da aikin ya cancanta, ba abin da shi kaɗai ya zauna ya yanka ba. Ƙa'idar ba ta ce a biya abin da likita ya rubuta ba.

Tsugune ba ta ƙare ba

Ana cikin wannan shari'a majalisa ta yi abin da aka daɗe ana jira. A ƙarshen Disambar 2020 aka sa hannu a dokar hana takardun ba-zata, wadda ake kira No Surprises Act, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Ga majinyaci ta yi abin kirki: a jinyar gaggawa ba zai biya fiye da kason da zai biya in da likitan ɗan ciki ne ba, kuma an hana a bi shi ciko. Ga likita da kamfanin inshora kuwa sai ta buɗe musu wani sabon zaure. Suna da kwanakin aiki 30 su daidaita. In sun kasa, kowa ya rubuta adadinsa ya miƙa wa mai raba gardama, shi kuma dole ya zaɓi ɗaya daga cikin biyun, ba shi da ikon tsaga tsakiya. Wanda ya faɗi shi zai biya kuɗin zaman. Hikimar ita ce tsoron faɗuwa zai hana kowa wuce gona da iri. An kuma hana mai raba gardamar duba farashin da likita ya saba rubutawa ko abin da Medicare ke biya. Abin da aka ce ya duba shi ne farashin tsakiya na 'yan ciki a yankin kamar yadda yake a ƙarshen Janairun 2019, an ƙara masa hauhawar farashi, tare da wasu abubuwa kamar tsananin ciwon da ƙwarewar likita.

Nan take aka koma kotu. Gwamnati ta fitar da ƙa'idar da ta ce a ɗauki farashin tsakiyar nan a matsayin daidai sai in an kawo hujjar da ta rushe shi. Likitoci suka ce ai kamfanin inshora ne yake lissafa wannan farashi, an dawo gidan jiya ke nan, mai biya ya sake zama mai ma'auni. Ƙungiyar Likitocin Texas ta shigar da ƙara, kuma a watan Fabrairun 2022 mai shari'a Jeremy Kernodle na kotun tarayya a gabashin Texas ya soke ƙa'idar. Gwamnati ta sake rubutawa, ya sake sokewa a 2023. Ko kuɗin shiga zauren bai tsira ba: daga dala 50 aka kai shi 350, kotu ta soke, aka tsaya a 115 a 2024.

Gwamnati ta yi hasashen za a riƙa samun ƙorafi kusan 17,000 a shekara. A shekarar farko da buɗe zauren an shigar da fiye da 330,000, a 2024 kuma adadin ya haura miliyan ɗaya. Mafi yawansu daga 'yan kamfanoni ƙalilan suke fitowa, TeamHealth na sahun gaba. Ɓangaren likitoci yana cin fiye da kashi 70 cikin ɗari na hukuncin da ake yankewa, kuma adadin da yake ci yakan ninka farashin tsakiya sau biyu, sau uku, wani lokaci fiye. Kamfanonin inshora suna cewa an mayar da zauren injin buga kuɗi, har ana cusa takardun da ba su cancanci shiga ba. Likitoci suna cewa yawan nasararsu shaida ce cewa tayin farko na wulaƙanci ne. Envision dai bai kai labari ba, ya nemi kariyar fatarar kuɗi a watan Mayun 2023, yana ɗora wani ɓangare na laifin a kan dokar da kuma rigimarsa da United. MultiPlan ya sauya suna zuwa Claritev a 2025, yana kuma fuskantar tarin ƙararraki da aka haɗe a kotun tarayya a Chicago, inda asibitoci da Ƙungiyar Likitocin Amurka ke zarginsa da haɗa baki da kamfanonin inshora wajen danne farashi.

Akwai ramuka biyu da dokar ta bari a buɗe. Ta haɗa da jirgin ɗaukar majinyata, amma ta bar motar asibiti a waje, saboda haka mutumin da aka kare daga takardar likitan gaggawa zai iya samun ta motar da ta kai shi wurin likitan, sai in jiharsa ta yi tata dokar. Na biyun ya fito ne a watan da Kotun Ƙolin Nevada ta yi nata hukuncin. Wani kamfanin jiragen ɗaukar majinyata mai suna Guardian Flight ya ci nasara a gaban mai raba gardama a kan kamfanin inshorar Health Care Service Corporation, ya ce ba a biya shi cikin kwana 30 da doka ta tanada ba, ya garzaya kotu. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke New Orleans ta ce dokar ba ta ba shi ikon shigar da ƙara don a tilasta biyan ba, sai dai ya kai kukansa ga ma'aikatar lafiya.